Abin Da Ake Cewa In An Nuna Abdulghani

Wata goma sha huɗu Abdulghani Lado ya kwashe yana koyon Sifaniyanci don gudun tambaya ɗaya, wadda da ya yi ta da ba ta ci masa minti guda ba.

Mai gadi ne a wani tsohon gida cikin Balad, tsohuwar unguwar Jidda, gidan nan mai hawa huɗu da korayen tagogin katako masu leƙo titi. A gidan aka haife shi shekara sittin da ɗaya da suka wuce, a ɗakin ƙasa da ke jikin ma'ajiyar ruwa. Mahaifinsa, Lado, shi ke ɗebo wa gidan ruwa, shi ke shara, shi ake aika kasuwa. Da masu gidan suka tashi suka koma arewacin Jidda, Abdulghani ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya tuƙa motar kaya a unguwar Khumra har bayansa ya ce ya isa. Matarsa ta rasu, 'yarsa Nuha ta yi aure. Sai aka gyara gidan aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido, wani jikan masu gidan ya tuna da shi, ya sa aka ba shi kujera da makullai.

Labari ɗaya yake da shi, ya kuma riƙe shi gam. Kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙafa, da mata da yaro ɗan shekara uku. Shekara shida suna hanya, suna tsayawa noman auduga a Sudan su sami guzuri su ƙara gaba. Matar ta rasu a hanya. Uba da ɗa suka haye teku, suka yi aikin hajji, kakan ya rasu a Makka kwana tara bayan Arfa. Wani attajiri ya ga maraya a bakin titi ya tausaya, ya kawo shi gidansa a Jidda. Haka Lado ya faɗa wa ɗansa, haka Abdulghani ya faɗa wa Nuha. Duk lokacin da ya je umara sai ya tsaya a maƙabartar Makka ya yi wa kakan addu'a, ko da yake bai san wane kabari ba ne. Lado bai taɓa raka shi ba. Kullum ƙafarsa ke ciwo ranar.

Areej ce ke zagayawa da baƙi masu jin Sifaniyanci. Jikar Hajiya Mairo ce, tsohuwar maƙwabciyarsu, ita Areej sa'ar Nuha ce, irin yaran nan da za ka yi musu Hausa su gane tsaf su amsa maka da Larabci. A jami'a ta karanta harshen. In jirgin ruwan 'yan yawo ya tsaya, takan shigo da mutum ashirin ko talatin, ta hau da su har soro, ta sauko da su suna haki, ta tsayar da su a ƙofar ɗakin ƙasa. Nan sai ta rage murya. Ta yi magana kamar ta minti biyu, ta buɗe tafin hannu ta nuna Abdulghani a kujerarsa.

Sai wurin ya yi tsit. Mata su dafe ƙirji. Maza su sauke kyamara, su ɗan jima, su nemi izini da ido kafin su ɗauka. Wata tsohuwa ta taɓa kama hannun rigarsa tana kuka, har mijinta ya janye ta.

In ka tambaye shi dalilin da ya hana shi tambayar Areej, zai ce babba ba ya tare yarinya sa'ar 'yarsa ya ce mata me kike faɗa a kaina. Gaskiya ne, amma rabinta ce. Ɗaya rabin shi ne abin yana masa daɗi. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana kiransa da "kai, zo nan" a tasha, yau ga Turawa suna sauke murya a gabansa. Ya tabbata tafiyar shekara shidan nan ce ke girgiza su. Ya san in ya tambaya, yarinyar za ta ji nauyi ta taƙaita masa. Shi kuwa so yake ya ji yabon cikakke, yadda ake yin sa in an ɗauka mai shi ba ya ji.

Don haka ya tafi wurin Badr.

Badr mai aski ne a lungun bayan kasuwar turare, mutumin arewacin Maroko, inda yara ke tashi da Sifaniyanci a baki. Ya saurare shi yana wanke reza.

"Ya Abu Nuha, mata ka samu a cikinsu?"

"Ka ji tsoron Allah."

"To me tsoho zai yi da Sifaniyanci? Mala'ikun kabari da Larabci za su tambaye ka."

"Za ka koya mini ko in nemi wani?"

"Wa za ka samu? Zauna. Amma duk ranar darasi sai na taɓa gemun nan, yana ba ni kunya a unguwa."

Bayan la'asar suke yi, in shago ya yi sauƙi. Badr ya rubuta a jikin madubi da alƙalamin allo, Abdulghani ya kwafe da haruffan Larabci a bayan takardun ziyara da baƙi suka yar. Lissafi, ranaku, uba, uwa, gida, ruwa. Kansa ba ya kamawa da sauri, amma abin da ya shiga ba ya fita. A wata na biyar ya fara tsintar kalmomi a bakin Areej kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya ji *padre*, uba. Ya ji *nueve años*, shekara tara. Ranar da ya ji kalmar mahajjaci, sai da ya saya wa Badr lemo.

Zafi ya zo, jiragen suka ɗauke ƙafa, shi bai ɗauke ba. Da sanyi ya dawo, ya riga ya iya bin jimla daga kai zuwa gindi in ba a yi gudu ba. Amma akwai kalma ɗaya da Areej ke faɗa daidai lokacin da take buɗe hannu, kuma a kanta ne matan ke dafe ƙirji. Ya saurare ta sau huɗu don kada kunne ya yaudare shi, ya kai wa Badr ita.

"*Esclavo*," ya ce.

Badr yana tsakar gyara wa wani ƙeya. Almakashin ya tsaya.

"A ina ka ji?"

"Me take nufi?"

"Bari in gama da bawan Allahn nan."

Ya gama, ya karkaɗe mutumin, ya raka shi har ƙofa, abin da ba ya yi. Ya dawo ya tsaya yana ninke tawul.

"Faɗa mini jimlar duka."

Abdulghani ya faɗa, da ƙyar, yadda ya haddace. Badr ya fassara masa bai dube shi ba. Wani mahajjaci guzurinsa ya ƙare, ya sayar wa mai gidan nan ɗansa ɗan shekara tara, ya hau jirgi ya koma ƙasarsu. Yaron ya girma bawa a wannan ɗaki. Wannan da ke zaune ɗansa ne.

Abdulghani ya zauna a kujerar aski ba tare da an ce ya zauna ba. Ya ga fuskarsa a madubi, kalmomin darasin jiya a rubuce a kan goshinsa. Abin da ya fara zuwa ransa ba mahaifinsa ba ne. Hotunan ne. Shekara biyu yana gyara zaman hula, yana murmushi, yana ɗaga hannu. Hotonsa yana cikin wayoyi ɗaruruwa a ƙasashen da bai san sunansu ba, kowa yana nuna wa iyalinsa ɗan bawa.

"Koya mini yadda ake cewa ƙarya take."

"Ka ce wa jagora ƙarya take a gaban baƙin kamfani? Gobe makullan suna hannun wani."

"To in yi shiru?"

"Ban ce ba. Akwai yadda ake katse mutum a harshen nan ya rasa abin da zai kama ka da shi. Tashi min daga kujera, ka tare madubi."

Ya goge darasin jiya da tawul ya rubuta *hablar*, yin magana.

"Wannan ba aski ba ne, kada ka yanke mata komai. Ka bar kalmar yadda take, ka maƙala mata wutsiya. Ni, *hablaría*. Kai, *hablarías*. Shi, *hablaría*, daidai da ni, kada ka tambaye ni dalili. Mu, *hablaríamos*. Ku, *hablaríais*. Su, *hablarían*. Da ita ake cewa da na sami hali da na yi magana. Da ita kuma ake roƙo cikin ladabi, irin roƙon da ba a iya ƙi."

"Ni ba roƙo zan yi ba."

"Za ka yi. Ɗauki *escuchar*, sauraro. Wutsiyar su."

Abdulghani ya motsa leɓe. "*Escucharían*."

"Ka gani? Fushi ya buɗe maka kai. *¿Me escucharían un minuto?* Ko za ku saurare ni minti ɗaya? Tsoho mai furfura ya miƙe ya faɗi haka, wallahi ko kyaftin ɗin jirgin ne sai ya tsaya."

Mako uku yana bitar wutsiyoyin nan. Yana buɗe ƙofa da safe yana *hablaría*, yana share dakali yana *hablaríamos*. Ya gwada su a kan *caminar*, tafiya a ƙafa, ya ga sun zauna daram, ya gwada a kan *vivir*, suka zauna. Areej tana gaishe shi kullum, "Sabahal khair, ya Ammi," wato ina kwana baffana, yana amsawa kamar da. Sau uku a cikin makonnin nan ta buɗe hannu ta nuna shi, yana jin kowace kalma, yana kallon ƙasa. Bai hana ta ba. Yana so ranar da zai miƙe ta zama a gaban mutane, ta ji abin da ya ji. Wannan ma bai faɗa wa Badr ba.

Badr ne ya ce masa Turawa ba sa yarda da baki, ya nemo takarda. Akwai wata gwangwanin alewa da Lado ke ajiye takardunsa, tana wurin yayarsa Zaituna a unguwar Aziziyya tun rasuwar tsohon. Ranar Juma'a bayan an sauko ya tafi.

Ya same ta a kicin tana haɗa yajin tsire, wanda take sayar wa masu gashi a unguwa. Ta girme shi da shekara shida, ba ta taɓa barin ya manta ba.

"Ka rame. Nuha ba ta aiko maka abinci ne?"

"Yaya, gwangwanin Baba nake so. Ko akwai takardar hanya ta Kaka a ciki."

"Me za ka yi da ita?"

Ya ba ta labari tun daga farko. Ya ɗauka za ta ajiye ludayi ta ɗauki mayafi ta nufi gidan su Areej. Ta ci gaba da juya yajin.

"Wato shekara guda ka yi kana zuwa wurin wanzami," ta ce, "don kada ka tambayi jikar Mairo."

"Yaya, kin ji abin da na ce? Bawa take ce masa."

"Na ji."

Ta wanke hannu, ta shiga ɗaki, ta daɗe. Ta fito da takarda ɗaya, ba gwangwanin ba. Ta miƙa masa ta koma kan kujerarta.

Larabci ne, rubutun hannu, da hatimi da sunayen shaidu biyu. Ya karanta a tsaye. Mai gidan yana shaida cewa ya 'yanta bawansa Mabruk, wanda ake kira Lado. Shekarar da ke jiki ita ce shekara guda kafin a haifi Abdulghani. Ya sake karantawa daga sama. Mabruk. Tsofaffin gidan haka suke kiran mahaifinsa, shi kuwa ya ɗauka sunan wasa ne.

"Ina da shekara biyar," in ji Zaituna. "Na tuna an ba mu shinkafa da nama ranar. Ban san ta mece ce ba sai da na girma Inna ta faɗa mini."

"Kaka fa?"

"Ya koma."

"Ya rasu a Makka."

"Abdu, ya koma. Baba ya tsaya a bakin tasha yana kallon jirgin. Ce masa aka yi uban zai je ya dawo da kuɗin fansa. Ya ce wa Inna har ya yi gemu yana zuwa tasha lokacin alhazai."

Ya zauna a kan buhun gyaɗa.

"Shekara arba'in ina tsayawa a maƙabarta."

"Addu'a ba ta ɓata. Wani ya samu."

"Wa ya sani?"

"Wa bai sani ba? Mairo ta sani, mijinta ya sani, duk tsofaffin lungunmu. Matarka ma ta sani, Allah ya jiƙanta, kafin a ɗaura aka faɗa wa iyayenta."

"Ilham ta sani."

"Baba ne ya bi su gida gida. Ya ce ni na riga na gani, ba yadda zai yi da ni. Kai kuwa bayan takardar aka haife ka, ya ce ba wanda zai ɗora maka abin da ba ka zo ka tarar ba. Ya rantsar da ni da Alƙur'ani. Yau ma ban faɗa ba, takarda na ba ka."

Ya dube ta yana neman alamar nadama bai samu ba. Abin da ya gani ya fi kama da hutu. Shekara hamsin tana zaune a gefe yana ba da labarin Haɗeja a wurin suna da biki, tana gyaɗa kai, ita kaɗai da nauyin. Wataƙila ma akwai ranar da ta so wani ya yi suɓul da baka. Ta cika masa leda da yaji ta ce ya kai wa wanzaminsa.

Ran Talata jirgi ya tsaya. Areej ta iso da wuri don ta duba fitilun bene, ya tare ta a zaure.

"Yau ki faɗa mini da Hausa. Abin da kike faɗa a ƙofar ɗakin can."

Ta dube shi. "Ammi, ni na ɗauka ka..." Ta koma Larabci. Ta ce kakarta ce ta ba ta labarin tun tana ƙarama, ta ɗauka shi ma ya sani, tunda bai taɓa hanawa ba, tunda yana murmushi.

"In kin ɗauka na sani, me ya hana ki faɗa da Larabci ranar da 'yan makaranta suka zo?"

Ta san dalili, shi ma ya sani. Baƙin jirgi suna rubuta ra'ayinsu bayan ziyara, kuma ba tagogi suke yabawa ba. Ɗakin ƙasa suke yabawa, da jagorar da ba ta ɓoye musu komai.

"Gaskiya ce ai, ya Ammi," ta ce a hankali. "Ya kamata a sani. Mu ma namu ne."

"Naki kakan a jirgi ya zo da fasfo. Shi ke nan. Daga yau in kin kawo su ƙofar nan, ki yi shiru. Minti biyun nawa ne."

Ƙarfe goma da rabi ta sauko da su, mutum ashirin da shida, ta tsayar da su inda ta saba, ta haɗe hannuwanta a baya. Baƙin suka dubi juna. Abdulghani ya miƙe, ya yi tambayarsa ta ladabi. Suka juyo gaba ɗaya.

Ya ba su labari da Sifaniyancinsa mai ɗingishi. Kakansa ya taso daga wani gari mai suna Haɗeja, a ƙafa. Shekara shida. Auduga a Sudan. Teku. Ya yi hajji, ya rasu a Makka kwana tara bayan Arfa, kabarinsa yana can. Mai gidan nan ya tausaya wa maraya.

Areej ta ɗago ta dube shi, bakinta a ɗan buɗe. Ya dube ta har ya kai ƙarshe. Baƙin suka tafa, wani ya tambaye shi inda ya koyi harshen, aka yi dariya da ya ce a wurin mai aski. Ba wanda ya dafe ƙirji.

Da la'asar Badr ya ji yadda aka yi, ya ajiye reza.

"Ka ga takardar da idonka, ya Abu Nuha."

"Na gani."

"To?"

"Mahaifina gida gida ya bi yana roƙo. Shekara talatin da takwas bai yi kuskuren kalma ɗaya a gabana ba. Sai ni in rushe masa don mutanen da jirginsu zai tashi ƙarfe shida?"

"Nuha fa?"

Abdulghani ya jingina kai a kujera ya rufe ido.

"Rage gemun. Kada ka taɓa gefe."